Katako Biyar na Alamelu

"Ba wannan ba, ɗayan. Mai igiya a ƙugu. Ke kam shekara arba'in kina shigowa ɗakin nan, har yau ba ki san akwatin 'yan tsana ba?"

Kanakam tana tsaye a kan kujera, kanta cikin yanar gizo-gizo, hannayenta a kantar da ke ƙarƙashin rufi. Ta jawo akwatin ƙarfen, ƙura ta zubo mata a ido.

"Na san shi, Akka. Ƙin saukowa ya yi." Akka, wato yaya, take ce wa tsohuwar maƙwabciyarta Alamelu.

"Ke dai kika ƙi sauko da shi."

Haka ne kuwa. Tun safe Kanakam ke jan ƙafa. Ta share ɗaki, ta wanke kwanuka, ta sake wanke waɗanda ta wanke, duk don kada a zo kan akwatin nan. Gobe ake shiga bikin dare tara. Yau ranar ɓatan wata ce, ranar da duk gidan da ya gaji al'adar Golu a Kumbakonam ta kudancin Indiya yake kafa matakala, ya rufe ta da farin ƙyalle, ya jera 'yan tsana. Alamelu ta kafa tata sau hamsin da uku, ba ta taɓa fashi ba sai shekarar da mijinta ya rasu.

Ɗaki ɗaya ne gidan, da 'yar kusurwar girki, a layin bayan haikali. In mutum biyu suka tsaya a ciki, na ukun sai ya yi sallama daga dakali. Ba inda za a ajiye matakala shekara guda ana jiran kwana tara. Saboda haka marigayin, wanda malamin makaranta ne amma da hannun kafinta aka haife shi, ya ƙera gadonsu da katako biyar a kan gajerun benci biyu. In biki ya zo sai a kwance gadon, a tokare katakon da benci da akwati da garwa da bulo, su zama hawa biyar. Masu gida su shimfiɗa tabarma su kwana a ƙasa har a gama. A ɗakin nan ko dai gado ko matakala, ba a taɓa ganin biyun tare ba.

Yanzu kuwa Alamelu ce a kan katakon nan, wata huɗu ke nan ba ta sauka ba. Zuciya ta gaji, ƙafafu sun kumbura kamar an hura, numfashi sai an tokare ta da matashi uku. Likita ya ce kada sanyin ƙasa ya taɓa ta. Ɗanta Sundaram, da ke aiki a Delhi, ya kira Kanakam, wadda yake ce wa Mami kamar yadda ake ce wa manyan mata, a waya shekaranjiya ya ce, "Mami, na san halin Amma, uwata ce. Kome za ta ce kada ki yarda a sauke ta. Rana ta goma ta bikin zan iso."

Amma ba likita ba ne ya riƙe hannun Kanakam, ba kuma Sundaram ba. A wurinmu ba a barin mutum ya cika a kan gado. In numfashi ya fara ja, sai a sauke shi a kwantar da shi a ƙasa, ya tafi jikinsa yana jikin ƙasar da ta goya shi. In ka ji an ce an sauke wane, ba sai ka tambayi jikinsa ba. Kanakam ta sauke uwarta da hannunta, ta sauke surukarta. Ba ta so ta yi na uku.

Ta dire akwatin a gefen gado, ta zauna a kai.

"Akka, bana mu yi hawa uku da kwali. A can wajen ƙofa."

"Ba a rage matakala. Biyar na fara, biyar zan bari. Kuma wajen ƙofar ina? Kyanwa ma sai ta karkace take wucewa."

"To mu kafa a gidana. In buɗe ƙofofi ki riƙa hango su."

"Gidanku ba su gaji Golu ba. So kike surukarki ta taso daga toka ta shaƙe ni?"

"Sundaram ya ce..."

"Sundaram ni na haife shi ko shi ya haife ni? A ƙarƙashin matakalar nan ya yi rarrafe. Shi ya gutsure hancin ɗan kasuwan da ke cikin 'yan tsanan nan da haƙori biyu, je ki duba."

Kanakam ta miƙe ta gyara zaninta. "Ni dai ba zan sauke ki ba."

"To je ki. Gaida mijinki."

Ta ƙetare layi ta shiga gidanta. Mijinta Natesan yana dakali da jarida, tabarau a ƙarshen hanci. Ta zuba masa shinkafa da miyar tsamiya, ta tsaya a kansa tana faɗin abin da ya faru, murya tana hawa tana sauka. Ya saurara har ya suɗe yatsa.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji. Gadon naki ne?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambaya ce kawai. Gadonta ne, bayanta ne, bikinta ne. Ke mene ne naki a ciki?"

"Hannuna ne nawa a ciki. In na sauke ta ba ta sake hawa ba fa?"

Natesan ya wanke hannu, ya daɗe yana goge shi. "In kin bar ta a sama, kina da tabbacin za ta sauko da ƙafarta?"

Ta kwashe kwanon da ƙarfi har cokali ya faɗi.

Da la'asar ta dama kunun shinkafa ta koma. Tun daga ƙofa ta ji numfashin, kamar ana zarto. Alamelu ta miƙa hannu ta kwance igiyar akwatin da kanta. Ta warware tsofaffin jaridun da aka naɗe 'yan tsanan, ta jera su a kan bargonta, wasu a cinya, wasu a gwiwa. Mata da miji da aka sassaƙa da jan itace, waɗanda uwarta ta sa mata a kayan aure, suna kan ƙirjinta suna hawa da sauka. Ƙafarta ɗaya tana lilo a gefen gado, tana laluben ƙasa.

"Akka! So kike ki kashe kanki?"

"In ba ki sauke ni ba zan sauko da kaina. In faɗi in karye, sai ki kira Delhi ki ba da labari."

Kanakam ta ajiye kunun ta mayar da ƙafar. Ƙafar sanyi ƙalau, yatsa yana lotsawa a ciki. Alamelu ta riƙe mata wuyan hannu har numfashinta ya daidaita, sannan ta yi magana a hankali, ba irin muryar da aka san ta da ita ba.

"Kin ɗauka ban san abin da kike tsoro ba? Ni ma na sauke mutane, Kanakam. Amma ki ji. Mutumin nan, maigidana, duk shekara ba ya magana. Ya dawo makaranta, ya ci, ya gyara takardun yara, ya juya wa bango fuska. Sai kwana taran nan. Mu kwanta a tabarma, fitila tana ci, ya dinga nuna mini su ɗaya-ɗaya, wannan a ina muka saye ta, waccan ruwan sama ya kama mu muna ɗauke da ita. Hirar shekara guda a kwana tara muke yin ta." Ta yi tari. "Shekara goma sha biyu ina kwana ni kaɗai a gadon nan. A ƙasa ne kawai ba na jin faɗinsa."

Kanakam ta tsaya tana kallon bango. Can ta leƙa waje ta ƙwala wa mijinta kira.

"Ka ji ko? Ajiye jaridar nan ka zo."

Ta shimfiɗa tabarma biyu, ta ɗora bargo uku, ta kawo katifar gidanta ta ƙara a kai, har Alamelu ta ce, "Ƙasa na ce, ba wani gadon ba." Natesan ya kama kafaɗu, Kanakam ta kama ƙafafu. Ba nauyi ko kaɗan a sama, duk nauyin ya taru a ƙafa. Da bayan tsohuwar ya taɓa shimfiɗa, hawaye ya ƙwace wa Kanakam, ta juya ta rufe fuska da gefen zani.

Daidai nan Pankajam ta gidan kusurwa ta zo wucewa da tulun ruwa. Ta ga ƙofa a buɗe, ta ga Alamelu a ƙasa ido rufe, ta ga Kanakam tana kuka. Ta dire tulun ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo! An sauke Alamelu Mami! Ku fito, an sauke ta!"

Kafin Natesan ya buɗe baki layi ya cika. Wata ta ruga kiran mai addu'a. Pankajam ta koma gida da gudu ta dawo da 'yar butar tagulla mai ruwan kogin Ganga mai tsarki, wadda ake ajiyewa a liƙe don irin wannan rana, ta durƙusa tana neman wuƙar da za ta fasa bakin.

Alamelu ta buɗe ido ɗaya.

"Pankajam, in kika fasa butar nan, ke za ki sha."

"Mami! Ba ki... ashe..."

"Ban tafi ba tukuna, ki yi haƙuri. Tunda kin tara mini jama'a, kama bencin can. Ke kuma mai jan zani, daina kuka ki kawo bulo huɗu."

Dariya ta ɓarke a dakali, masu hawaye suna sharewa suna ƙara dariya. Pankajam ta soke butar a ƙugu, kunya ta hana ta ɗaga kai, ta kama benci.

Daga kwance Alamelu ta gina matakalar da baki. Benci a kan akwati, shi ne hawa na sama. Garwar man riɗi biyu, na biyu. Katako mai tsaga ya je ƙasa, can ba a ɗora masa nauyi. Aka ja farin ƙyalle aka soke shi da allura a kowace kusurwa, ta sa aka kwance sau biyu don ya yi tattara. Aka fara ɗora tukunyar tagulla a tsakiyar hawa na sama, da shinkafa a ciki, ganyen mangwaro a baki, kwakwa a kai, wurin zaman Uwargijiya ke nan, abar bautar da ake yi wa bikin. Sai mata da miji na jan itace a gefenta. Alloli suka biyo baya, sannan waliyyai, sannan mutane. A hawa na ƙasa ɗan kasuwa mai gutsurarren hanci ya zauna da matarsa da 'yan tukwanen hatsi, ga ayarin biki da makaɗa, ga shanu, ga wata giwa mai ƙafa uku da aka jingina da kwalin ashana.

"Giwar nan a jefar da ita mana, Akka."

"Ke ma gwiwarki ɗaya ba ta aiki. An jefar da ke?"

Da rana ta yi ja aka kunna fitilar mai. Kanakam ta zana ado da garin shinkafa a bakin ƙofa, ta rataya ganyen mangwaro a sama. Sannan ta tsaya a dakali ta kira Delhi, don ba ta iya ɓoye abu ya kwana. Ta faɗa masa kome. Sundaram ya saurara har ta gama.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Mami."

"Na sani."

"In wani abu ya same ta kafin in zo..." Bai ƙarasa ba. Ya kashe.

Kwanaki huɗun farko kamar an ɗauke cutar da hannu. Alamelu ta ci, ta sha kofi, ta yi faɗa. Kowace yamma mata suna zuwa bibbiyu, don ɗaki ba ya ɗaukar uku, su durƙusa gefen shimfiɗarta su rera wa Uwargijiya waƙa, ita tana gyara musu inda suka kauce. Kanakam ta dafa wake da kwakwa ta ƙulla a ganye, ta miƙa wa kowace da kurkur da ayaba. Aikinta ne wannan tun rasuwar malam, tunda wadda mijinta ya mutu ba ta miƙa wa matan aure kurkur. Har Kanakam ta fara cewa a ranta ko ƙasar ce maganin.

Rana ta biyar tari ya zo. Likita ya shigo, ya dubi shimfiɗar, ya dubi matakalar, ya dubi Kanakam. Da ma ya yi faɗa ya fi mata sauƙi. Ya ƙara ƙwaya ya tafi. Kanakam ta durƙusa.

"Akka, kin gan su, kin more. Bari mu kwashe mu mayar da gado."

"A tsakiyar biki? Kin taɓa ganin an kori baƙo yana cikin cin abinci?"

"Sundaram zai ce ni na..."

"Zai ce. Ki bar shi ya ce. Matso mini da matashin nan, kin tare mini makaɗa."

Rana ta shida ba ta ci ba. Mata suka yi waƙa, ba ta gyara wa kowa ba, Pankajam ta kauce da gangan ta jira, shiru.

Rana ta bakwai da hantsi Kanakam tana cire furannin jiya tana sa sababbi, ta ji an ce, "Kanakam."

"Na'am, Akka."

"Ruwan sama ne?"

Rana tana ƙwalla a waje, mai sayar da ganye yana ta kira a bakin layi.

"Ba ruwa, Akka."

"To a rufe ta da jarida, kada fenti ya zube."

Ta dubi fuskar, ta gane. Ta leƙa ta kira mijinta da Pankajam, ba da ƙarfi ba. Wannan karon aka fasa bakin butar, Kanakam ta ɗiga ruwan a leɓe sau uku, Natesan yana faɗin sunan Rama, abin bautarsu, a kunnenta. Ba wanda ya ɗaga ta, ba wanda ya gusar da ita ko taki ɗaya. Tana inda ake kai mutum. Idonta a buɗe yake wajen matakala har Kanakam ta shafe shi.

Sundaram ya iso washegari da sassafe, da jaka ɗaya, ido jawur. Ya faɗi a ƙafafun uwarsa ya daɗe. Kanakam tana tsaye a kusurwar girki, ta shirya wa duk abin da zai fito daga bakinsa. Da ya ɗago bai dube ta ba, matakalar ya duba, daga sama har ƙasa.

"Wa ya jera?"

"Ni ce. Ita tana faɗa ina sawa."

"Ta ci abinci?"

"Kwana huɗu ta ci. Har ta nemi ƙari ranar Talata."

"Da tana sama, da ta kai rana ta goma?"

"Ban sani ba, Sundaram. Tun jiya nake tambayar kaina."

Ya gyaɗa kai. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙa hannu wajen hawa na ƙasa, sai ya tuna mai makoki ba ya taɓa su, ya janye.

"Mai algaita gaba yake tsayawa, Mami. Mai ganga a bayansa. Appa, mahaifina, haka yake sa su."

"Ba ta gaya mini ba."

"Ba ta taɓa riƙewa ba. Kullum shi ke gyarawa in ta juya baya."

Kanakam ta durƙusa ta sauya musu wuri. Sundaram ya rufe fuska da tafukansa biyu.

Kafin azahar maza suka ɗauke ta zuwa bakin kogi. Mata ba sa bin gawa, nasu wankin gida ne. Suka naɗe shimfiɗa suka fitar, suka kwarara ruwa suka share, suna kaffa-kaffa da bakin farin ƙyallen. Mai addu'a ya bar saƙo cewa biki ya ƙare a gidan nan, a kwashe kayan in an samu hali. Ɗaya bayan ɗaya matan suka tafi yin wanka. Pankajam ta tsaya a ƙofa.

"Ba za ki zo ba?"

"Je ki, ina zuwa."

Ɗakin ya zama fili, bai taɓa yin girma haka ba. Kanakam ta ɗauko tsofaffin jaridun don naɗewa, ta riƙe su, ta ajiye. Shekara arba'in tana ganin matakalar nan a tsaye ko a durƙushe, abin da bai wuce ƙirjinta ba. Ta dafa bango, ta lanƙwasa gwiwar da ba ta aiki, ta kwanta a kan damshin simintin, daidai wurin, ta sa hannu ta yi matashi.

Daga nan hawa biyar ɗin sun tafi sama har rufi, tukunyar tagulla can ƙololuwa kamar a kan dutse. Ayarin bikin yana daidai idonta, mutanen sun yi girman mutane. Ruwan wanki ya taru a wani ɗan kwari a gaban hawa na ƙasa, hoton ƙafafun makaɗan yana ciki a kife, gefensa yana bushewa a hankali.